Notin injin markaɗena ya ƙi zama, ku taimaka

Assalamu alaikum, 'yan uwa makanikai da masu injin markaɗe. Notunan da ke riƙe da injina a kan gindinsa sai kwancewa suke yi saboda jijjiga, ko na ɗaure da sifana iya ƙarfina. Na sa sifirin washa, wato zoben ƙarfen nan mai tsaga da ake sawa a ƙarƙashin noti, ta lanƙwashe ta zama shafal. Na koma notuna masu roba a ciki, waɗanda ake ɗaurewa da sifana lamba 17, sun riƙe sosai, amma na kusa da salansa zafi ya cinye robarsa, yanzu da yatsa nake juya shi. Bel har ya fara zamewa.

Shin in haɗa noti biyu ne, ko in nemi mai tsaga da ake zura wa fil? Walda kam ba na so, don ina kwance injin lokacin gyara. Allah ya saka da alheri.