Wane suna za mu ba Aiptasia da Hausa?

Jama'a ku zo mu yanke wannan maganar. Masu kiwon murjani da kifin ruwan gishiri a tankin gilashi suna fama da wata halitta da ake kira Aiptasia, kuma ni dai na gaji da murɗa harshe.

Danginta gaba ɗaya, wato anemoni, na ga wasu suna cewa furen teku, ban ƙi ba, don kamar fure take in ta buɗe. Amma fa dabba ce, 'yar uwar murjani ce ma. Ita wannan ƙarama ce, ruwan ƙasa-ƙasa, kana hango haske ta jikinta, tana shigowa a ɓoye cikin ramin dutsen da ka saya ko a gindin sabon murjani, sai ta miƙo hannuwanta masu dafi tana harbin maƙwabta har murjanin ya daina buɗewa, gefensa ya mutu.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar kaucin murjani. Sunan da daɗi wallahi, sai dai kauci tsotson bishiya yake, ita kuwa ba ta tsotson kowa, harbi take don ta ƙwace wuri.

Ni abin da nake so sunan ya faɗa wa sabon shiga shi ne KADA KA KANKARE TA. Kana taɓa ta za ta shige rami, in ka yage ta kuma duk ɗan guntun gindinta da ya rage sai ya zama sabuwa, ka kashe ɗaya ka samu tuli. Shi ya sa ake bin ta da sirinji, a kashe famfon da ke juya ruwan tankin tukuna, a ɗura mata kalkwasa mai kauri, wato kwaɓin garin sinadarin calcium hydroxide, a baki ko ruwan lemon tsami, kaɗan-kaɗan don kar ruwan tankin ya rikice. In ta yi yawa a sa jatan landen nan da ake kira peppermint, wani nau'in Lysmata, ko Berghia, dodon koɗin nan marar ƙoƙo da ba ya cin komai sai ita, har yunwa ke kashe shi in ta ƙare.

To duk wanda ya taɓa nome kiri-kiri a gona ya san wannan halin, ka sare ta da fartanya kowane gaɓa ya tsiro. Don haka nawa zaɓin: kiri-kirin murjani. Furen teku ya tsaya sunan dangi. Mai ja ya kawo nasa, amma ya zo da hujja don Allah.