Jinkirin biyayya ga Allah rashin biyayya ne, ko kuwa?

'YarDabai:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ran Lahadi a cocinmu nan Zuru fasto ya yi wa'azi kan Ibrahim, Farawa 22, yadda Allah ya ce ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya kuma ya tashi da sassafe ya ɗaura wa jaki sirdi ya kama hanyar Moriya, bai tsaya wani bari in yi tunani ba. Sai fasto ya ce duk biyayyar da aka jinkirta rashin biyayya ce kawai. To ni abin da ya ɗaure min kai, a Matiyu 21 ai Yesu da kansa ya ba da misalin 'ya'ya biyu, ɗaya ya ce wa uban ba zai je gonar inabi ba daga baya ya tuba ya je, kuma shi aka ce ya yi nufin uban. Wannan ba jinkiri ya yi ba? Sannan ga masu zuwa taron farkawa suna cewa Allah ya ce ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi, yanzu yanzu kar ka tsaya tunani, su ma da labarin Ibrahim ɗin suke kafa hujja. Don Allah iyayenmu da yayyenmu a warware min.

DattijoRibah:
'Yata tambayarki mai kyau ce. Ɗan da ya je gona daga baya ya fi wanda ya ce to Baba amma bai ɗaga ƙafa ba, wannan gaskiya ne, sai dai ki lura Yesu da manyan firistoci da shugabannin jama'a yake magana, yana nuna musu masu karɓar haraji da karuwai sun riga su tuba. Tubar ce ya yaba, ba ƙin farkon ba. Kuma shi yaron ya dace ne gonar tana nan tana jiransa.

Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 13 da 14 ki ga waɗanda ba su dace ba. An aiki mutum 12 leƙen asirin Kan'ana, suka yi kwana 40 suka dawo, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka ce mu haura Ubangiji yana tare da mu, jama'a suka ƙi har suna neman jifansu. Da Allah ya yanke musu shekara 40 a jeji, washegari da sassafe sai ga su wai yanzu mun shirya za mu haura. Musa ya ce kar ku je Ubangiji ba ya cikinku, suka je, Amalekawa da Kan'aniyawa suka fatattake su har Horma. Abin da aka ce su yi jiya shi suka yi yau fa, amma ya zama musu laifi na biyu. Mu manoma mun san wannan, dawar da ka shuka bayan ruwa ya kusa ɗaukewa iri ɗaya ne da na maƙwabcinka, amma rumbunku ba zai zama ɗaya ba.

Bawan_Yesu_Gusau:
Baba ya gama magana kan wannan ɓangaren, ni maganar masu shuka iri ɗin nan ta fi ci min rai. 'Yar'uwa ki raba abu biyu, akwai abin da ke rubuce ƙarara akwai kuma abin da wani ya riƙe makirfo ya ce Allah ya ce. Na farko ba ya buƙatar wani ina addu'a a kai tukuna. Matiyu 5:23 da 24 ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Mu kuwa sai mutum ya yi shekara ba ya gaisawa da ƙaninsa saboda iyakar gona amma duk Lahadi yana gaba gaba wajen rawar baiko, in ka yi magana ya ce yana jiran Ruhu ya bishe shi, wane bishewa kuma bayan wadda aka rubuta. Haka bashin da kake da halin biya, haka gulma a zumuntar mata ko ta maza.

Na biyun kuwa 1 Yohanna 4:1 cewa ta yi a gwada ruhohi, mutanen Biriya ma a Ayyukan Manzanni 17 an yaba musu don kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka ne. Bulus fa! balle wanda ya ce ka yi masa transfa kafin ya rufe addu'a. Ni dai a ganina mun juya abin ne, inda ya kamata mu yi sauri muna ja da baya, inda ya kamata mu natsu nan muke gudu.

MamanTagwaye:
Ni ta wajen tsoron Allah zan shigo, don shi ne tushen. Ibrahim ɗin nan da ake ta kawowa, me mala'ikan ya ce masa a Farawa 22 aya ta 12? Yanzu na sani kana tsoron Allah. Wato sammakon daga tsoron ya fito. Yau in shugaban ofis ko mai unguwa ya aiko kira ba wanda zai ce sai na ga dama, amma sujada ta ƙarfe 9 sai ka ga mutum ya shigo ana tsakiyar wa'azi, ya zauna ya ciro waya yana duba WhatsApp, yara na kallo kuma gobe mu ce yaran zamani ba su da ladabi. Saul ma ai ba ƙin zuwa yaƙi ya yi ba, ya je, rabin umarnin ya cika ya bar Agag sarkin Amalekawa da dabbobi masu ƙiba wai na hadaya ne, Sama'ila ya gaya masa biyayya ta fi hadaya, sarautar kuma ta bar hannunsa.

'YarDabai:
Na gode Baba, na gode Mama da yayana na Gusau, labarin Horma ɗin nan ban taɓa jin an yi wa'azinsa ba. Saura guda ɗaya da za ku taimaka min, in abin ba a rubuce yake ƙarara ba kuma ba wani ne ya faɗa maka ba, kamar mutum yana ji a zuciyarsa ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki amma iyaye sun ce ya gama digiri tukuna, wanne ne biyayyar a nan?