Salansa a kan gajeriyar bindiga: kare kunne take yi ko ɓoye kisa?

Ɗalibi: Jama'a, Amurka ta soke harajin dala 200 da ake biya kan salansar bindiga, wato abin da ake ɗaura mata a baki don rage ƙara, da kan bindiga mai gajeren bututu, daga Janairun 2026. A ganina an buɗe wa masu kisa ƙofa ne. Ga bindiga mai shiga ƙarƙashin riga, ga shi ba ta ƙara.

Tsohon soja: Ɗana, a fim ne kawai ba ta ƙara. Ƙarar bindiga mai harsashin milimita 5.56 tana wuce desibel 160, a ma'aunin ƙarfin sauti. Salansa na rage kamar 20 zuwa 35. Abin da ya saura ya isa ya tashi unguwa. Kuma harsashin ya fi sauti gudu, sai ya riƙa tsaga iska da wata ƙara tasa daban, wadda salansa ba ta da iko a kanta.

Mazaunin Texas: Gaskiyar Baba ce. Kuma harajin kawai aka cire. Dokar bindigogi ta 1934 tana nan: bindigar kafaɗa (raifal) da bututunta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista da ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, haka ma salansa, da hoton yatsu da binciken tarihin mutum. A Kalifoniya da New York ma an hana farar hula mallakar salansa.

Ɗalibi: To Baba, me ya sa suke haɗa ta da gajeriya musamman?

Tsohon soja: Don gajeriyar ta fi cutar da kunne. Albarushi bai gama cinyewa ba harsashi ya fice, sai ragowar ya fashe a bakin bututu, ga wuta ga tsawa, dab da fuskarka. A cikin ɗaki abin ya fi muni, mutum ba ya jin umarnin na kusa da shi. Shi ya sa sojojin kundunbalan ruwa na Amurka suka fara raba salansa ga dakarunsu a 2020. Tana da nata wahalar kuma: hayaƙi na dawowa ido, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa, kuma gajeren bututu na saurin cinye cikinta.

Malamar jinya: Yallabai, kunnen mai harbi kake dubawa, ni kuma na wanda ake harbi nake dubawa. A Virginia Beach a 2019 mutum 12 aka kashe a ginin ma'aikata, kuma ƙaramar bindigar maharin tana da salansa. Ko ƙarar ba ta ɓace ba, in ta sauya kama mutum bai gane harbi ba ne, ya makara wajen gudu.

Mazaunin Texas: Hajiya, a Finlan da Norwe mafarauta na amfani da ita a fili, ana ma ganinta a matsayin mutunta maƙwabta. Hiram Percy Maxim da ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1909 har salansar injuna ya ƙera.

Malamar jinya: Can sai da lasisi ake riƙe bindigar kanta, Malam, ba ɗaya ba ne. Kuma ba ku ambaci harsashin .300 Blackout ba. Don gajeren bututu aka tsara shi, akwai nau'insa da bai kai gudun sauti ba. Ina tsaga iskar da Baba ya dogara da ita?

Tsohon soja: A nan kin kama ni da hujja, 'yata. Wannan haɗin ya fi kowane sauƙin ƙara. Amma ko shi, wanda ke ɗakin kusa zai ji.

Malamar jinya: Na ɗakin kusa zai ji. Na hawa na uku fa?