Wa ya taɓa kallon wasan Pink Floyd na Pompeii a gida?

Ɗan Jidda:
Salam 'yan uwa, jiya bayan isha'i na kunna wasan da Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, suka yi a Pompeii ta Italiya, wlh har yanzu kiɗan bai fita kaina ba. Abin da ya ɗaure min kai, fili babu kowa sai su huɗu da masu kamara. Haka aka yi shi ko yanke jama'ar aka yi? Kuma sautin TV dina bai gamsar da ni ba, me zan yi?

Na Madina:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, haka aka tsara shi, ba 'yan kallo. A watan Oktoba 1971 suka ɗauka a tsohon filin wasan Rumawa na Pompeii, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, aka fitar a 1972. Ni shirun wurin ne ma yake taɓa ni, ga rana ga ƙura Gilmour na jan jita a natse kamar ba shi da wata damuwa a duniya, Nick Mason mai ganga kuwa sandarsa ta kuɓuce yana cikin duka ya zaro wata bai tsaya ba.

Baban Ummi:
Yaro nemi wanda aka gyara a 2025, sautinsa ya fi. Ka kashe mukayyif, wato AC, kafin ka kunna, ƙararsa na cinye ƙananan sautuka.

Ɗan Jidda:
Baba a zafin Jidda? To zan sa abin kunne, maƙwabta ma su huta. Na gode sosai.