Tambayar ƙaramar hukuma a Ingila kan jami'an kula da karnuka

Waɗanda suka taɓa gwada neman bayanai daga ƙaramar hukuma kan aikin waɗannan jami'ai bakinsu ɗaya: a rubuce ake nema, ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, kuma hukuma na da kwanakin aiki 20 ta ba da amsa.

Inda suka fi nanatawa shi ne a taƙaita tambaya. Karnuka nawa aka tsinta bara? Nawa aka mayar wa masu su cikin kwana bakwai da doka ta tanada? Tara nawa aka ci kan kashin kare? In ka zuba tambayoyi barkatai, sai a ce kuɗin aikin tattara amsar ya wuce iyakar fam 450, wato awa 18 na aiki, a sallame ka.

Sunan wanda aka ci tara kuwa, kada ma ka wahalar da kanka.

In an hana, nemi hukumar ta sake dubawa, sannan ka kai ƙara ofishin Kwamishinan Bayanai.