Ɗanyen nama ko abincin buhu: wanne ya fi wa kyanwa a garin nan?

Maman Afnan, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kyanwa mace mai wata bakwai da muzuru ɗan shekara biyu. Abincin buhu ya yi tsada, ga masu cewa masara ce kawai aka yi wa ƙamshin kifi, wai ɗanyen nama ne abincinsu na asali. Wasu kuma sun ce ɗanyen nama cuta yake kawowa. Masana a taimaka: me za a ba su, nawa, kuma ta yaya?

Abu Hanif, Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Masu cewa nama ne abincin kyanwa sun yi gaskiya, amma rabin gaskiyar suka faɗa. Kyanwar da ta kama ɓera ba tsoka kawai take ci ba, har ƙashi da hanta da zuciya take haɗawa. A tsoka zalla sinadarin fosfaras ya ninka kalsiyam fiye da sau goma, alhali jikinta yana son su zo kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. Idan aka ɗora 'yar kyanwa mai tasowa a kan tsoka kaɗai, jiki zai riƙa zarar kalsiyam daga ƙashinta. Cikin 'yan watanni sai ki ga tana ɗingishi, tana tsoron tsalle, wani lokaci dirowa daga kujera ma ya isa ƙafa ta karye. Taki mai wata bakwai tana daidai lokacin da wannan ya fi haɗari.

Sai wani sinadari da ake kira taurin. Kyanwa ba ta iya haɗa isasshensa a jikinta, dole ta samu daga nama. Rashinsa yana sa tsokar zuciya ta saki, ido kuma ya mutu a hankali, kuma makantar ba ta gyaruwa. A 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Kalifoniya suka tabbatar da alaƙarsa da ciwon zuciyar kyanwa, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin kyanwa. Shi ya sa ba a ciyar da kyanwa da abincin kare, domin ba lallai ya ƙunshi isasshen taurin ba.

In za ki haɗa da kanki, ga awon kilo ɗaya: giram 700 na cinyar kaza da fatarta, an zare ƙashi, giram 150 zuciya, giram 100 ƙundu, giram 50 hanta. Ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka, ki tankaɗe ya yi laushi kamar gari, ki zuba cokalin shayi ɗaya. Hanta kada ta wuce wannan awon, ko da kin ga ita suka fi rububi. Bitamin A yana taruwa a jiki har wuya ya sandare. Kyanwa mai kilo 4 tana cin giram 120 zuwa 150 a rana, a raba biyu, ƙaramar kuma sau uku. Haɗin nan bai cika ba, akwai giɓin aidin da bitamin E, don haka kada ya zama shi kaɗai ne abincinsu.

Dakta, Malali:
Awon Malam Abu Hanif ya yi, amma Hajiya ki dafa shi. A nan nake rabuwa da masu ɗanye.

Yawancin masu wannan kira suna ƙasashen da nama ke fita daga mayanka cikin sanyi har ya shiga firiza. Mu namanmu yana wuni a kan tebur, a zafin Maris da Afrilu, ga ƙuda, a gida kuma wuta ta zo ta tafi, nama ya narke ya sake daskarewa. Mu dahuwa ce take cetonmu, kyanwar da aka ba ɗanye ba ta da wannan kariyar. Ƙwayar cutar salmonela ba ta mutuwa a firiza, kwanciya kawai take yi. Kyanwa tana iya ɗauke da ita ba alamar ciwo, tana zubar da ita a kashi, ta lashe jikinta, yaro mai rarrafe ya rungume ta ya kai hannu baki. Akwai kuma ƙwayar cutar toksoplasma, wadda kyanwa ke ɗauka daga ɗanyen nama, kuma tana iya yi wa ɗan da ke cikin mace mai juna biyu illa. Gidan da ke da mai juna biyu, ko jariri, ko tsoho mara lafiya, babu maganar ɗanye kwata-kwata.

Kada mu manta a jihar nan ta Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006. Kyanwa tana kamuwa da ita ta cin ɗanyar kaza, kuma tana kashe ta. A ƙarshen 2024 an samu kyanwar da ta mutu da ita a jihar Oregon ta Amurka bayan cin daskararren ɗanyen abinci na kamfani. Kazar da ta mutu da kanta a gona, komai arharta, kada a kai ta gaban kyanwa.

Ki dafa da ruwa kaɗan har jan cikin ya ɓace, ki haɗa da romon, domin sinadarin taurin cikin ruwan yake narkewa. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi suna lalata bitamin B1, sai ki ga kai ya sunkuya tana tangaɗi, don haka shi ma a dafa. Ki ƙulla abincin rana ɗaya-ɗaya a leda, abin da ya yi minti 30 a kwano ba a ci ba ki zubar.

Ummu Sadik, Barnawa:
Dakta na yarda, amma kada a ɗauka buhu ba shi da laifi. A 2007 an janye abincin kyanwa da na kare masu ɗimbin yawa a Amurka da Kanada, saboda an zuba melamin, wani sinadarin yin roba, a sinadarin alkamar da aka shigo da shi daga Sin don gwaji ya nuna furotin mai yawa. Ƙodar dabbobi da dama ta lalace. Zargin da mutane ke yi wa masana'antar yana da tushe.

Hoton kifin da ke gaban buhu talla ne, ki juya bayansa. Ana jera kayan haɗi bisa nauyi, don haka ki nemi wanda ya fara da nama mai suna, kaza ko kifi. Wata dabara ita ce a rarraba masara gida uku da sunaye daban don nama ya hau sama. Ki nemi rubutun da ya ce abincin cikakke ne bisa ƙa'idar AAFCO ko FEDIAF, ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka da Turai. A ma'aunin AAFCO furotin bai kamata ya gaza kashi 26 cikin 100 ga babba ba, 30 ga mai tasowa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake farke buhu a sayar a awo cikin farar leda. Ba ki san ranarsa ba, ba ki san ko na kare ba ne, man jikinsa ya sha rana ya yi ɗaci, da damina kuma fumfuna ta kama shi. Gubar fumfunar masara hanta take ci. Ki sayi ƙaramin buhu rufaffe da zai ƙare cikin wata guda ko makonni shida, ki bar shi a ledarsa cikin bokiti mai murfi.

Dakta, Malali:
Haka ne Hajiya Ummu Sadik. Ga muzurun kuma a lura da ruwa. Busasshen abinci kusan kashi 10 ne ruwa, na gwangwani ya kai 75 zuwa 80, kyanwa kuma ba mai yawan sha ba ce, tana buƙatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce. In kin ga yana yawan tsugunawa yana kuka fitsari bai fita, kada a kwana, a kai shi wurin likitan dabbobi. Toshewar tana kisa cikin kwana biyu zuwa uku.

Tsarin da zan ba ki: da safe giram 25 zuwa 30 na busasshe mai kyau, da yamma giram 60 zuwa 70 na dafaffen haɗin da romonsa. Canjin ya ɗauki kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan. Kada a horar da su da yunwa. Kyanwa mai ƙiba da ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa a hantarta.

Maman Afnan, Unguwar Rimi:
Allah ya saka da alheri, na rubuta awon. Dakta, madarar da yara ke zuba musu da safe fa?

Dakta, Malali:
A daina, Hajiya. Bayan yaye yawancinsu ba sa narkar da sukarin madara, zawo take sa su. Yaran su koma canja musu ruwa safe da yamma, kwano biyu, nesa da inda suke kashi.