Zan sayi leza don walimar aure a Garwa, wa ya taɓa aiki da ita?

Mai Sifika: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina bayar da hayar sifiku da fitilu nan Garwa ta Kamaru. Bayan sallah an ba ni walima a wani zaure a Rumde Ajiya, uwar amarya ta dage sai an yi hasken leza irin wanda ta gani a bidiyo. Rufin zauren bai kai mita huɗu ba, ga yara za su cika wurin. Wani ya kawo min guda daga Duwala, an rubuta 500mW a jikinta, wato ƙarfin haskenta miliwat 500, yana neman sefa dubu 85. In saya ko in haƙura? Waɗanda suka taɓa aiki da ita nake tambaya.

Dije na Kuseri: Wa alaikumus salam. Sayi abinka yaya, ka kafa a fili ka harba sama, har unguwar Yelwa za a gani.

Baban Hanifa: A zaure ya ce. Kuma ka harba sama a Garwa, filin jirgi na bakin gari? Koren hasken nan in ya faɗa idon matuƙi lokacin sauka, ba kuɗin biki za ka nema ba, lauya za ka nema.

Ɗan Mubi: Dubu 85 tsada ne. A Sabon Gari ta Kano na samo irinta, da kuɗin mota ba ta kai dubu 40 ba.

Dije na Kuseri: Ta dubu 40 abin wasan yara ce. Tawa dubu 260 na saye ta a Injamena.

Yayar Marayu: Ƙanena, don Allah ka saurare ni. Bara a Marwa aka yi bikin ƙawata, ƙaramin ƙanena yana gaba yana rawa. An ɗora lezar a kan tebur, daidai fuskar mutane. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta, da na'urar ta dawo sai hasken ya daina yawo, ya tsaya cak wuri ɗaya. Yaron bai ji zafi ba ko kaɗan, har gida yana dariya. Da safe a makarantar allo ya ce wani baƙin ɗigo yana rufe masa harafi. Muka ɗauka ƙura ce, kwana huɗu muna ɗiga magani. Likitan ido ya ce ƙuna ce a can bayan ido, wurin ba ya jin ciwo shi ya sa bai yi kuka ba, kuma tabarau ba ya gyara shi. Yanzu in zai yi karatu sai ya karkata kai. Mai kiɗan ya ce ƙaddara ce, ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi. Yaron shekararsa goma sha ɗaya.

Baban Hanifa: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya.

Malamin Lantarki: Amin. Madubai biyu ƙanana ne a cikin na'urar ke kaɗa hasken, in suka tsaya duk ƙarfin ya taru a ɗigo guda. Wadda ƙiftawar ido ke kare mutum daga ita, miliwat 1 ce. Taka 500, a azuzuwan haɗarin leza iyakar aji 3B ke nan, gaba da shi sai aji 4 mafi haɗari. Rubutun jikin masu arahar nan ma ba abin dogaro ba ne. Ƙa'idar da aka sani a Amurka, hasken ya wuce mita 3 sama da inda mutane ke tsaye. A 2008 kusa da Mosko ruwan sama ya sa aka kunna lezar fili a ƙarƙashin rumfa, mutane da dama suka samu rauni a ido. In ba ta da makulli da maɓallin kashewa nan take, kada ka taɓa.

Dije na Kuseri: Malam, ya ce waɗanda suka yi aiki da ita. Biki nawa ka yi? Ni na wuce hamsin, ba wanda ya makance.

Malamin Lantarki: Ka bi su gida washegari ka tambaya?

Mai Hoto Ngaundere: Kyamarata ma leza ce ta kashe ta, layi ja ya ratsa kowane hoto. Har yau mai kiɗan bai biya ni ba.

Ɗan Mubi: A saya wa uwar amarya tocila a naɗa koriyar leda, ba za ta gane ba.

Baban Hanifa: Ni abin da ya tsaya min, ɗauke wutar nan. Watan Afrilu a Garwa, zafi ya haura 40, a ɗauke sau uku a dare ɗaya. Amfilifaya biyu na rasa.

Mai Hoto Ngaundere: Ga masu zaure, su karɓi kuɗin janareta su kawo wanda ko firij ba ya ɗauka.

Mai Sifika: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Malam, in na rataye ta jikin rufi ta haska bango kawai fa? Akwai madubai a bangon.

Dije na Kuseri: Wane zaure ne ma? In wanda nake zato ne, janaretansu ya ƙona min miksa.